Rabin Goron Bahago

Ku da kuke zuwa soron Malama Rabi kuna koyon zane da ɗaukar hoto, ina ganinku duk lokacin da na zo duba indararo. Wani zai ƙwanƙwasa bango da yatsa ya ce wa ɗan'uwansa ai laka ce kawai, shi ma in ya sami ƙasa da ruwa zai yi. Ba na jin haushi. Wanda bai taɓa hawa bango da ɗanyen tubali a hannu ba, dole ya ga abin kamar wasan yara a bakin rafi. Amma ranar nan ɗayanku ya tambaye ni me ya sa rabin bakan da ke tsakiyar soron ya fi ɗaya rabin muni, na yi dariya na wuce. Yau zan ba ku amsa. Tana da tsawo, sai ku yi haƙuri da tsoho.

Sunana Lawal, a Mabai aka haife ni. Ina ɗan saurayi mahaifina ya kawo ni Faskari ya damƙa ni a hannun Malam Tanko, wanda a lokacin duk wani soro mai kyau daga nan har Sabuwa aikinsa ne. Na zo da zaton washegari za a ɗora ni a kan bango. Sai ya nuna mini ramin ƙasa ya ce in shiga. Rani ya wuce, wani ya zo, ina nan ina cuɗa ƙasa da ƙafa. A zuba ruwa, a watsa yankakkiyar ciyawa da kashin jaki, a tattaka har ƙafa ta riƙa fita da ƙyar, a rufe a bar ta ta ruɓe, a dawo a sake. Ƙasar da ba ta ruɓa ba, in ji Malam Tanko, kamar tuwon da bai nuna ba ce, sai ta ɓata wa gida ciki. Kayan aikinmu ba su da yawa: sungumi na haƙa, gatari da gizago na gyaran itace, sai igiya da tsani. Sauran duk a jikinka suke, kuma ba a sayar da su a kasuwa.

A cikin wannan ramin na haɗu da Idi. Daga wani ƙauye yake a kan hanyar Sabuwa, can jikin daji, kuma bahago ne, har sunan ya bi shi. Da farko Malam Tanko ya yi ta dukan hannun nan na hagu da tsumagiya, don a ganinsa magini bahago abin kunya ne. Ranar da ya ɗora mu a kan baka ya daina. Baka shi ne wannan lanƙwasasshen ginin da kuke gani ya tashi daga bangon gabas ya sauka a bangon yamma yana ɗauke da rufi. Ba daga gefe ɗaya ake jan sa ba. Ƙafa biyu ake tayarwa, kowace daga nata bangon. Ka kafa azara, wato tsagin giginya, ka ɗaure da igiya, ka danne gindinta da ƙasa, ka jira ta bushe, sannan ka ɗora wata da ta ɗan fi ta farko sunkuyawa. Haka ƙafafun za su yi ta matsowa har su sadu a sama. To in ina kan ƙafar gabas, Bahago yana kan ta yamma, muka fuskanci wuri ɗaya, hannuna na dama yana duban tsakiya, nasa na hagu ma yana duban tsakiya. Malam Tanko ya tsaya a ƙasa ya daɗe yana kallonmu, sannan ya ce, "Ashe almakashi Allah ya ba ni, ni kuwa ina ta neman karya mashi baki guda."

Malam Tanko yana da wata al'ada da ban gan ta a wurin wani magini ba. In ƙafafun baka sun matso har hannu zai iya kai wa hannu, ba a haɗe su sai an tsaga goro. Na gabas zai tsaga, ya miƙa rabi ta cikin gurbin da ya rage. In na yamma ya karɓa bai yi ɗage ba, bai kuma sunkuya ba, to ƙafafun sun daidaita, sai a ɗora azarar ƙarshe. Shi ne ma'auninmu. Kuma akwai doka: rabon abokin bakanka ba ka cin sa, ko da ya ce ya ƙoshi. Na taɓa tambayarsa dalili, ya ce in na tsufa zan gane, ya kuma kore ni in koma bakin aiki.

Soron nan da kuke zama a ciki shi ne bakan farko da muka yi mu kaɗai, bayan gwiwoyin Malam Tanko sun hana shi hawa tsani. Kakan Malama Rabi ne ya sa aikin, wani dillalin auduga mai son girma, wanda kullum sai ya zo ya tsaya ya ce a ƙara tsawo, don na maƙwabcinsa kada ya fi nasa. Muna sama, rana tana dukan ƙeyarmu, Bahago yana tsokanata ta cikin gurbi.

"Lawal, ƙahwar taka ta karkace kamar bakin mai kuka."

"Taka ce ta karkace, idonka ma ai bahago ne."

"To bari goro ya raba mu."

Goro kuwa ya raba mu, don da na miƙa sai ya faɗa tafin hannunsa kamar an auna. Da muka zo yaɓe, kowa ya yi wa ƙafarsa ado da yatsu. Nawa layukan sun kwanta ta dama, nasa sun kwanta ta hagu, suka haɗu a tsakiya kamar kitso. Dillalin auduga ya ɗaga kai har hularsa ta faɗi.

Daga nan muka shiga duniya tare. Masallatai, zauruka, ɗakunan amare, daga Mairuwa har ƙauyukan Sabuwa. Mun ga masu gida iri-iri. Akwai wanda zai ce ka yi sauri kafin biki, ka ce masa ƙasa ba ta san biki ba, sai ta bushe. Akwai wanda zai kawo maka azarar macen giginya, mai laushin ciki, ya rantse namiji ce. Bahago yana ƙwanƙwasa ta da ƙotar gizago zai gane, don shi kunnen itace gare shi, ni kuwa hannun ƙasa. Haka muka raba aikin tun muna samari: shi ke zaɓo azara, ni ke lura da rami. Ni na yi masa abokin ango da ya auri Hajara, shi ya sa har yau Amarya nake ce mata, ko da yake ta yi jikoki. Sannan bulo da kwano suka zo, aiki ya ja baya. Mutane suka fara shafe bangon ƙasa da siminti, ya yi kyau shekara ɗaya, sannan ya ɓamɓare kamar ɓawon gyambo. Duk da haka ba mu rasa abin kaiwa baki ba.

Aikin rufin wani masallaci a Mairuwa muka karɓa a shekarar da komai ya lalace. Lokacin 'yan bindiga sun riga sun tare daji, masu saran giginya sun daina shiga, azara ta yi wuya. Bahago ya ce ya san wata fadama a bayan ƙauyensu inda akwai mazan giginya da aka sare tun bara, sun bushe, ɗaukowa kawai za a yi. Ya ɗaura wa jakinsa igiyoyi ya tafi da safe, ni ina cikin rami ina cuɗa ƙasar da za mu yi aiki da ita. Jakin ya koma gida da la'asar shi kaɗai, igiyoyin suna nan a naɗe yadda aka ɗaura su.

Kun san yadda abin yake a ƙasar nan. In an ɗauki mutum, ana jiran waya. Amarya ta riƙa kai wayarta caji kullum, tana kwana da ita a ƙarƙashin matashi. Ba a kira ba. Waɗanda aka sako daga daji an bi su ɗaya bayan ɗaya ana tambaya ko sun ga wani dattijo bahago, babu wanda ya gan shi. Ba a ga gawa ba, ba a yi sallah ba, ba a yi zaman makoki ba. In mutane sun zo gaisuwa sai su rasa abin faɗi, su ce Allah ya bayyana, su tashi. Kafin damina ƙauyen ya watse gaba ɗaya. Amarya ta kulle ɗakin mijinta da kwaɗo, ta koma Kankara wurin 'yarta. An ba ta shawara ta je gaban alƙali a warware mata auren, ta ce ita matar aure ce, mijinta ya tafi ɗauko itace.

Ginin ƙasa yana son mutane. Kowace shekara kafin ruwa sai an hau an toshe tsaga, an gyara indararo, an shafa makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa da ke hana ruwa ratsa rufi. Garin da aka gudu aka bari, damina biyu ta ishe shi. Haka na riƙa jin labari: masallacin wuri kaza ya zauna, zauren mai gari kaza ya rufta. Duk aikinmu ne. Ni kuwa na daina yin baka, don ba a yin sa da mutum ɗaya. Na koma facin katanga da gyaran rumbu. 'Ya'yana suna Funtua, babu wanda ya ɗauki sana'ar, kuma ban ga laifinsu ba.

Ina facin wata katanga a bayan kasuwa Malama Rabi ta zo ta same ni. Malamar zane ce, ta daɗe tana koyarwa a birni, sannan ta ajiye aikin ta dawo gida. Gidan kakanta ya faɗo a rabonta, ya kuma daɗe a rufe. Ta ce tana so ta zauna a ɗakunan ciki, soron kuma ta mai da shi wurin aikinta, inda za ta yi zane ta kuma koya wa matasa. 'Yan'uwanta sun ce ta rushe ta zuba shaguna, ta ƙi. Muka je ta buɗe ƙofa, jemagu suka fita ta kanmu. Bangayen an sha yaɓe su bayanmu, hannuwa da yawa sun bi ta kansu. Amma bakan babu wanda ya taɓa shi. Ta ɗaga kai ta daɗe tana kallo.

"Baba, mutum biyu suka yi wannan," in ji ta. "Kuma ɗaya bahago ne."

Shekaru da yawa babu wanda ya ga haka sai ita. Na ce mata haka ne, na gaya mata sunansa. A iya sanina, wannan ƙafar ta yamma ita ce wuri na ƙarshe a duniya da yatsun Idi suke a tsaye.

Na jingina tsani na hau da gizago. Na ƙwanƙwasa ƙafar gabas, ta amsa da ƙarfi. Na zagaya na ƙwanƙwasa ta yamma, sai na ji kamar na bugi buhun dusa. Indararon wannan gefen ya faɗi tun tuni, ruwa ya yi ta bin bango yana shiga, gara ta biyo laima ta cinye azarar daga ciki. Ƙasa ce kawai take riƙe da kanta. Na sauko, ta tambaye ni yaya, na ce mata za a duba.

Sai na kama duk wani aiki da ba shi ba. Na yaye rufin ɗakunan ciki na sake shi. Na fasa mata babbar taga a bangon arewa na soron, don ta ce hasken arewa ba ya sauya launi, na sa mata azara a kai ta riƙe nauyi. Fasa taga a bangon ƙasa ba da guduma ake yi ba, jiƙawa ake yi ana kankarewa kaɗan-kaɗan, in ba haka ba tsaga ta bi har sama. Na yanka hanya a cikin bango aka binne bututun waya don wutar sola, na rufe da ƙasa yadda ba za ku gane wurin ba. Na yi wa tsakar gida daɓe. Ma'aikacina ɗaya ne, Malam Sule, wani manomi da aka raba da gonarsa, mutum mai ƙarfi amma ba ya magana, kuma in ya jefo maka curin ƙasa sai ka yi addu'a kafin ka cafe. Kullum in na wuce ta cikin soron ba na ɗaga kai.

Malama Rabi ba yarinya ba ce, ta gane. Wata rana da hantsi, gajimare ya fara taruwa a gabas, ta kawo mini kunu ta zauna a kan buhu.

"Baba, aikin ciki ya ƙare. Saura wanda kake gudu."

"Ba gudu nike ba, ɗiyata. Tunani nike ko za a iya tokare ƙahwar Idi a bar ta."

"Za a iya?"

Na kurɓi kunun. Ta ce, "In ruwan fari ya same ta haka, za ta zauna, ta ja taka su tafi tare. Ni ba zan ce ka rushe ba. Kai ka san abin da ke ciki."

Ta yi gaskiya, kuma na fi ta sani. Washegari muka yaye rufin soron, muka tokare ƙafar gabas da gwafanni. Ta ɗauki hoton ƙafar Idi ta kowane gefe kafin in hau. Na gode mata, amma hoto ba bango ba ne. Na sa gizago, ban ma yi ƙarfi ba, ƙasar ta riƙa zubowa da layukan yatsunsa a jiki, tana faɗuwa tana farfashewa. Azarar ciki ta zama gari. Raina ya ɓaci ranar fiye da ranar da jakin ya dawo, don a ranar jaki ina da sa rai. Abu ɗaya na yi: na hana Malam Sule zubar da ƙasar. Ƙasar gini ba ta tsufa, tsohuwa ma ta fi sabuwa kyau. Muka tara ta a rami, na zuba ruwa, na shiga na cuɗa ta da ƙafata.

Saura azara. Na zaga kasuwanni har Funtua, babu sai ɗanya, wadda za ta lanƙwashe kafin shekara. Wani ya ce in sa katako, na ce masa gara za ta yi masa godiya. Azara mai kyau da ta rage a ƙasar nan tana cikin kufai, a gidajen da aka gudu aka bari. Kuma na san inda mafi kyawunta take. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana zaɓar wa mutane itace, kun san abin da zai ajiye wa ɗakinsa.

Na hau mota na tafi Kankara. Na sami Amarya a zaune a ƙofar ɗakin 'yarta tana tsince wake, wayar nan tana gefenta a kan tabarma. Muka gaisa, na tsokane ta na ce amarya ta fara furfura, ta ce abokin ango ma ai haƙoransa sun yi ƙaura. Sannan na gaya mata abin da ya kawo ni. Ta ajiye faifan.

"Malam Lawal, ka san mutum nawa suka zo neman azarar ɗakin nan? Har da ƙanensa. Na ce in ya dawo ina zai kwana?"

"Na sani, Amarya. Ba don shaguna nike nema ba. Ƙahwarsa ce ta faɗi, ita nike so in tayar."

Ta ture waken gefe. Sannan ta kwance bakin zaninta ta ciro mabuɗi.

"Aro na ba ka," in ji ta. "Ka ji ni da kyau, aro ne. Ranar da ya dawo ka maido mashi da abinshi."

Na ce na ji, na kuma yarda.

An ɗan sami sauƙin hanya a lokacin, manoma suna leƙa gonakinsu da rana su dawo kafin la'asar. Na bi wani mai amalanke muka shiga ƙauyen su Idi. Ban taɓa jin shiru irin na ƙauyen nan ba. Babu kaza, babu turmi, babu kukan yaro. Ciyawa ta fito a cikin masallacin da muka gina, bakan ya kwanta a ƙasa. Ɗakin Bahago kusurwa ɗaya ta zube, ana iya shiga ta nan, amma na zagaya na buɗe kwaɗon da mabuɗi, na yi sallama kuma kafin in shiga. Buzunsa yana rataye a bango. Azarar ta yi baƙi da hayaƙin shekaru, na ƙwanƙwasa, ta amsa kamar ƙarfe. Muka zare iya abin da baka zai ci, na mai da kwaɗon na kulle ɗakin da ba shi da rabin rufi.

Tayar da ƙafar yamma shi ne aiki mafi wuya da na taɓa yi. Wurin ba nawa ba ne. Hannuna na dama yana duban bango, tsakiya tana hagu, kowane ɗauri sai na murɗa jiki kamar mai sosa baya. In kafa azara, in ɗaure, in danne da ƙasa, in sauko, in je ƙofa in hango ko ta yi daidai da ta gabas, in sake hawa. Da can ba na saukowa, sai dai in ji murya daga can gefe tana cewa ɗaga kaɗan, ko sauke kaɗan, ko kuma idonka ya tsufa. Yanzu babu sai numfashin Malam Sule a ƙasa da kukan kurciya a kan katanga. Ga jiran bushewa tsakanin ɗauri da ɗauri, ga hadari yana ƙara baƙi kullum. Kaɗaici ya dame ni a kan tsanin nan, ba zan ɓoye muku ba. Na yi shekaru ina zaune ni kaɗai a ɗaki ban ji shi haka ba.

Ranar da ƙafafun suka matso, na biya ta wurin mai goro da safe na sayi fari guda ɗaya. Ban yi shawara da kaina ba, ƙafata ce ta kai ni, kamar yadda take kai ni masallaci. Na hau ta gefen gabas, gefena, na zauna a inda na zauna ina saurayi. Na tsaga goron da farce, na jefa rabi a baki, na miƙa ɗaya rabin ta cikin gurbi, na ce, "Bahago, karɓi."

Da ƙarfi na faɗa. Malama Rabi tana ƙasa, na ga ta sunkuyar da kai ta fita tsakar gida. Hannuna yana nan a miƙe, bakin sabuwar ƙafar yana daidai da yatsuna, ba sama ba ƙasa. Baka ya daidaita. Na bar hannun a wurin har kafaɗata ta gaji, sannan na janye shi. Ba zan iya cin rabin nan ba, dokar Malam Tanko ta hana. Ba zan iya ba da shi sadaka ba, don matacce ake yi wa sadaka. Na naɗe shi a ganye na sa a aljihu, na ɗora azarar ƙarshe.

Yanzu ga amsar tambayarku. Da muka rufe soron, na zo yaɓen sabuwar ƙafar, na yi mata ado da hannun dama kamar yadda na saba. Na sauko na duba, layukan duk sun kwanta gefe ɗaya da nawa, ɗakin ya zama kamar mutum yana hira da kansa. Na hau na kankare tun tana ɗanya, na sake yi da hagu. Hannun hagu na ɗan shekara saba'in da bai taɓa koyon komai ba, ga abin da ya iya. Layukan sun yi rawa, wasu sun yi kauri, wasu sun katse a hanya. Na ce wa Malama Rabi in tana so a shafe a yi sumul, ɗakinta ne. Ta ce ko an ba ta Faskari da abin da ke cikinta ba za a taɓa shi ba.

Ruwan fari ya sauka muna gama shafa makuba. Na tsaya a cikin soron ina sauraro, indararo suna zuba a waje, ko ɗigo bai shigo ba. Malama Rabi ta shigo da allunanta da kwalaben fenti, ta kafa teburinta a gaban tagar arewa. Aikina ya ƙare. Rabin goron yana aljihuna, kullum ina yayyafa wa ganyen ruwa, amma duk da haka ya yi ja ya fara yamushewa.

Ranar Juma'a na koma Kankara in mayar da mabuɗi. Amarya tana wurin da na bar ta, wayar tana kan tabarma. Na ba ta mabuɗin, ta ɗaure a bakin zani.

"An haɗe?" in ji ta.

"An haɗe. Ruwa ya sauka a kai, bai yi yoyo ba."

"Ɓangarenshi ya yi kyau?"

"Bai kai nashi ba. Amma ƙasarshi ce, azararshi ce."

Na ciro ganyen na buɗe na ajiye a gabanta. Ba sai na yi bayani ba. Shekara da shekaru Idi yana dawo mata da jan baki ranar haɗa baka, ta san ko rabon wane ne. Na ce mata na rasa yadda zan yi da shi, ko za ta ajiye masa.

Ta ɗauka ta juya shi a tafin hannunta. 'Yarta ta leƙo daga ɗaki ta tsaya. Wani mai tallan kalanzir ya wuce a waje yana kira. Can sai Amarya ta kai goron bakinta, ta gutsura, ta tauna a hankali, busasshe ne mai ɗaci, har ta cinye shi duka. Ta share bakinta da gefen mayafi.

"Malam Lawal, azarar nan ka bar ta inda take. Ba aro ba ce."

Ta miƙa hannu ta kife wayar a kan tabarma. Sannan ta faɗi abin da babu wanda ya taɓa faɗa a gabanta tun ranar da jakin ya dawo.

"Allah ya jiƙan Idi."

'Yarta ta ce amin, tana kuka. Su biyun suka juyo suna dubana. Na daɗe kafin na ce amin.